A Duba Hanya Kafin A Hau: Darasin Masu Babur Ga Masu Kiran A Fice

Duk sa'ad da aka taso da maganar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, abin da masu sharhi kan yi shi ne su ruga bakin manyan 'yan siyasa, su kwaso mana abin da wane ya ce a majalisa da martanin da wane ya mayar masa. Mu kam ba ta wannan ƙofa za mu shiga ba. Za mu bi ta gareji ne, wurin mutanen da hannunsu ke cikin baƙin mai, domin a ganinmu babu inda ƙaryar ɗan siyasa ke saurin ƙarewa kamar gaban makanike. Injin babur ba ya jin kirari, ba ya jin taken ƙasa. In an ɗaura masa abin da ya dace ya tashi, in ba a ɗaura ba ya ƙi, ko da firayim minista ne a kansa.

Akwai wani wasan babur da Turawan Birtaniya suka ƙago tun farkon ƙarni na ashirin, wanda ba tsere ba ne, gwajin gwaninta ne. Akan keɓe wani yanki mai wuyar bi, ko kan duwatsu, ko cikin ƙorama, ko hawan tudu mai santsi, a ce wa mahayi ya ratsa ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Alƙali na tsaye a gefe da takarda. In ƙafa ta taɓa ƙasa sau ɗaya a rubuta masa laifi ɗaya, sau biyu laifi biyu, abin da ya wuce haka laifi uku. In kuwa ya faɗi ko ya fita daga iyaka, to ya kwashi biyar. Wanda ya fi ƙarancin laifi shi ne gwani. Babur ɗin da ake wasan da shi a yau ba shi da sirdin zama, a tsaye ake tuƙa shi, nauyinsa bai wuce kilo 70 da ɗoriya ba, kuma akan rage wa tayar baya iska sosai don ta kama dutse. Babbar gasarsu ita ce ta kwana shida a Sikotlan, wadda ta samo asali tun 1909, ake yin ta a watan Mayu a kewayen garin Fort William. Akwai kuma gasar Scott a yankin Yorkshire, wadda aka fara a 1914.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan wasa shi ne ladubbansa. Mahayi ba ya afka wa wuri haka kawai. Sai ya jingine babur ya taka wurin da ƙafarsa, ya duba wane dutse ne ke motsi, ina ruwa ya yi zurfi, ina zai sa giya ta biyu, ina zai saki kuloci, ta ina zai fita. Haka kuma a gasar kwana shida akan kulle babura a wuri guda da dare, sai da safe a ba mahayi ɗan lokaci kaɗan ya duba nasa. Saboda haka dole ya san abin hawansa ciki da waje: ya wanke matatar iska, ya ɗame kaca ya sa mata mai, ya duba fulogi, ya zubar da ruwan da ya shiga kafireta, ya taɓa boris ɗin taya ya ji ko ya fara wasa. Wanda ya yi sakaci da waɗannan ba ya zargin kowa in inji ya mutu masa a tsakiyar daji.

To, ƙasar da ta haifi wannan wasa na natsuwa da lissafi ita ce ranar 23 ga Yuni, 2016 ta murɗa totur ta afka wa ramin da ba ta taka da ƙafa ba. Mutum miliyan 17.4, wato kashi 51.9 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a, suka ce a fice, kashi 48.1 suka ce a zauna. A Sikotlan, inda ake gasar kwana shida, kashi 62 ne suka ce a zauna, amma aka jawo su aka fita da su. Kafin gari ya waye darajar fam a kan dala ta faɗi zuwa inda ba ta taɓa sauka ba tun 1985. David Cameron da ya kira ƙuri'ar ya ajiye mulki ya bar baya da ƙura. Theresa May ta shekara uku tana neman hanyar fita ba ta samu ba, sai a hannun Boris Johnson aka fita ranar 31 ga Janairu, 2020, sannan sabbin ƙa'idojin ciniki suka fara aiki a farkon 2021. Shekara huɗu da rabi ana jayayya a kan abin da ya kamata a sani tun kafin a hau. Ashe ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san hujjojin da masu goyon bayan ficewa ke kawowa, kuma a cikin masu sha'awar babur ma akwai masu riƙe da su, kamar yadda akwai masu ƙin su. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce wai shiga Turai ce ta kashe masana'antun babur na Birtaniya, irin su BSA da Ariel da Norton, waɗanda a da suka cika duniya. Wannan magana tana da daɗin ji, sai dai kalanda ta ƙaryata ta. Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai ne ranar 1 ga Janairu, 1973. Amma tun a ƙarshen 1964 Sammy Miller, gwarzon wannan wasa a zamaninsa, ya ajiye babur ɗinsa na Ariel mai nauyi ya koma kamfanin Bultaco na Sifen, inda suka ƙera Sherpa T, mai ƙaramin inji da rashin nauyi. Da shi ya ci gasar kwana shida a 1965, kuma daga nan kasuwar baburan Ingila a wannan fage ta fara rushewa. A kan tituna kuwa Honda da Yamaha na Japan ne suka yi musu illa, da babura masu araha waɗanda ba sa zubar da mai. Kafin a shiga Turai kamfanin BSA ya riga ya durƙushe. Kuma a lura, ita kanta Sifen ɗin ba ta shiga ƙungiyar ba sai 1986. To ina laifin Brussels a nan? Masu kamfanoni ne suka yi barci a kan tsohon suna, wasu suka wuce su. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ko zakarun da suke alfahari da su, a kan baburan waje suka yi suna. Martin Lampkin, wanda ya fara cin kofin duniya a 1975, Bultaco ya hau. Ɗansa Dougie Lampkin ya ci kofin sau bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003, uku na farko a kan Beta na Italiya, sauran a kan Montesa na Sifen. Har gobe duk wanda zai sayi sabon babur na wannan wasa a Birtaniya, kusan dole ya sayi Beta, ko Montesa, ko Sherco, ko GasGas, ko TRS, ko Vertigo, dukkansu daga ƙasashen Tarayyar Turai. Su kuwa tsofaffin sunaye, Norton ya koma hannun kamfanin TVS na Indiya a 2020, kamfanin da 'yan acaɓarmu da masu keke suka san kayansa sarai, sunan BSA ma 'yan Indiya ne suka saya. Ficewa ba ta dawo da ko ƙusa ɗaya gida ba.

Hujja ta biyu ita ce dokokin Turai sun takura wa masu babur. A nan akwai gaskiya guda, kuma ba za mu ɓoye ta ba. A 2014 Kotun Turai ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Vnuk, kan wani ma'aikacin gona a Sulobeniya da tarakta ta yi sanadin faɗowarsa daga tsani, hukuncin da ya nuna cewa abin hawa na buƙatar inshora ko da a fili na kashin kai ake amfani da shi. Wannan ya tayar da hankalin masu wasannin mota da babur ƙwarai, domin kuɗin inshorar kan iya kashe ƙananan gasanni. Birtaniya ta soke tasirin hukuncin da dokarta a 2022. Amma abin da masu murna ba sa faɗa shi ne, ita ma Tarayyar Turai ta gyara dokarta tun a 2021, ta keɓe wasannin mota da babur, bayan ƙorafin ƙasashen da suka zauna a ciki suka yi magana. Wato abin da aka rushe gida dominsa, wasu sun same shi suna zaune a ɗakinsu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wane makanike ne zai jefar da inji don fulogi ya yi baƙi?

Sauran abubuwan da ke ci wa masu babur tuwo a ƙwarya kuwa, a gida aka dafa su. Dokar da ta rufe musu ɗimbin hanyoyin karkara a Ingila da Wales a 2006, majalisar Landan ce ta yi ta. Fetur mai gaurayen kashi goma na itanol, wanda masu tsofaffin babura ke kuka yana lalata musu roba da kafireta, a Satumban 2021 aka mai da shi man yau da kullum, bayan an fice, kuma gwamnatin da ta fitar da su ce ta kawo shi.

Hujja ta uku ita ce ta iko, wai a karɓo ragamar ƙasa. To mu ga ragamar a hannun mai babur. Da can in ringi ko fistin ya lalace, dillali a Yorkshire kan yi odarsa daga Basalona kamar yadda zai yi daga garin da ke maƙwabtaka da shi. Yanzu ko da yarjejeniyar ciniki ta ɗauke harajin shigo da kayan da aka ƙera a Turai, sai an cike takardun kwastan, an tabbatar da asalin kaya, an biya ladan masu fito. Ƙungiyar da za ta ɗauki babura da kayan gyara zuwa gasa a Faransa ko Italiya sai ta sayi takardar kwastan ta musamman, ta jera kayan da ke cikin motarta, a buga mata hatimi a shiga da fita. Ɗan Birtaniya ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin Turai mai iyaka guda ba tare da biza ba, alhali yawancin zagayen gasar duniya a can ake yi, kuma a can yaro mai tasowa ke samun horo. Baƙin da ke zuwa Fort William daga Sifen su ma tun 2021 katin shaida ba ya shigar da su sai fasfo. Attajiri ba ya jin wannan, yana da akawu. Wanda ke ji shi ne uban da ke tuƙa ɗansa a tsohuwar mota zuwa gasa da kuɗin aljihunsa. Su kuwa waɗanda suka rubuta alƙawarin fam miliyan 350 duk mako a jikin jar bas, babu wanda ya rubuta musu laifi biyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ofishin da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar da kansa ya ƙiyasta cewa ficewar za ta rage ƙarfin samar da arziki da kimanin kashi 4 cikin ɗari a tsawon lokaci.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce, ina ruwanmu. Ranar 28 ga Janairu, 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Ba mu ce ba su da abin fushi ba. Rufe iyaka da yanke wutar lantarki da aka yi wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 talaka suka gasa, ba soja ba, kuma duk wanda ke da dangi tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Ƙonni ya ga haka da idonsa. Yanayin bai zama ɗaya da na Birtaniya ba, domin su can ko ba komai an tambayi jama'a. Amma tambayoyin mai babur suna nan daram: an taka hanyar da ƙafa? Yarjejeniyar 1979 da ta ba mutum damar ƙetare iyaka ba biza, me zai maye gurbinta in wata rana aka ce an daina lamunta? Mai albasa da mai shanu da mai kayan gyaran babur, wa ya zauna ya yi musu lissafi?

Ba muna cewa kowace tarayya alheri ce ba, ko kuwa fita haramun ce. Akwai auren da rabuwa ta fi zamansa. Abin da muke ƙi shi ne a sayar wa jama'a ficewa da kirari, a kira mai tambaya maci amana, sannan in abu ya kwaɓe a nemi wani baƙo a ɗora masa. Duk mai alƙalamin da zai yi rubutu a kan irin wannan batu, ko waƙa ce ko wasan kwaikwayo ko maƙala, muna roƙonsa ya rage zama a gindin masu lasifika. Ya je bakin iyaka ya ga jerin motoci, ya shiga shagon mai kayan gyara ya tambayi farashin jiya da na yau, ya rubuta abin da ya ƙirga kamar yadda alƙalin gasa ke rubuta kowace ƙafa da ta taɓa ƙasa, ba sani ba sabo. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba. Allah ya ba mu shugabanni masu duba hanya kafin su ɗauke mu a baya.