Kyanwar da Sanyi Ya Buge: Tausayi Kaɗai Bai Isa Ba

A ƙasashe irin su Kanada, Rasha da Turkiyya, sanyin hunturu kan kai har ruwa ya daskare. Kyanwar da ta kwana a waje takan wayi gari kunnuwanta da jelarta da tafin ƙafarta sun sandare, wani lokaci har naman wurin ya mutu. Shi ya sa mutanen Istanbul suke ajiye wa kyanwoyin titi 'yan akwatunan kwana. Mu a nan ƙanƙara ba ta rufe ƙasa, amma duk wanda ya fito alwalar asuba a watan Disamba ko Janairu ya san ɗari ba wasa ba ne, balle a Jos ko tsaunin Mambila. Wannan ɗarin ya isa ya halaka kyanwar da ta jiƙe, ko jaririyar da uwarta ta bari, domin a makonnin farko jikinta ba ya iya riƙe ɗumi da kansa.

Ra'ayinmu shi ne, yawancinmu muna da tausayi, sanin yadda za a taimaka ne ya yi mana ƙaranci. Zafin jikin kyanwa mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39. Idan ya sauka, za ka ga tana karkarwa, jikinta ya saki, dasashinta ya yi fari. In sanyin ya yi tsanani, karkarwar ma takan tsaya. Abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne mu kai ta bakin murhu ko mu tsoma ta a ruwan zafi. Wannan kuskure ne babba. Zafin gaggawa yana ƙona fatar da ta riga ta daina jin ciwo, yana kuma iya rikita bugun zuciya.

Abin yi shi ne a shigar da ita ɗaki, a tsane jikinta da busasshen tsumma, a naɗe ta. A zuba ruwa mai ɗumi a roba, a nannaɗe robar da zane, a ajiye kusa da ita. Kada a murza kunne ko ƙafar da ta sandare, murzawa tana ƙara lalata naman. Kada a ɗura mata abinci sai ta ɗumama ta iya haɗiya. Madarar shanu tana sa yawancin kyanwoyi zawo, shi kuwa farasitamol guba ne a gare su, ƙwaya ɗaya tana iya kashewa. Daga nan a nemi likitan dabbobi. In ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti saboda cutar haukan kare.

Wani zai ce, mutane ma suna kwana cikin sanyi, ina ruwanmu da mage? Gaskiya ne, almajirin da ba shi da bargo ya fi cancantar kulawarmu. Amma tsohon kwali da tsumma ba su rage wa kowa rabonsa ba. Ko a ajin Hadisi mun karanta labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Hannun da ya saba jifan kyanwa da dutse, da wuya ya miƙa wa mutum bargo.

Rigakafi ya fi magani. Muna roƙon hukumar makaranta ta ba mu dama mu ajiye kwali biyu ko uku a lungun da iska ba ta bugawa, a bayan kicin. Malamanmu masu mota kuma, don Allah ku riƙa bubbuga bonet kafin ku tayar da safe, domin kyanwoyi sukan shige wajen inji neman ɗumi.