Daga Naira Ɗari Zuwa Sayar Da Tunkiya: Me Ke Sa Ɗan Caca Ƙara Zubi?

Yau ina so mu duba wani al'amari wanda maza ke aikatawa, amma mu ne ke kwana da nauyinsa, watau caca. Ba maganar haramcinta zan yi ba, domin malamai sun gama wannan, kuma kowa ya san Alƙur'ani mai girma ya haɗa ta da giya wuri ɗaya a cikin Suratul Ma'ida. Tambayata ita ce, me ke sa mutumin da ya fara da Naira ɗari ya wayi gari yana zuba Naira dubu hamsin?

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, a watan Nuwamba na 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce kowace jiha ita ke da ikon tsara wannan harka a cikin iyakarta. Kafin nan da 'yan makonni Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Mu ma nan Jihar Katsina muna ƙarƙashin Shari'a tun 2000, kuma an kafa mana Hukumar Hisba a 2023. Duk wannan abin farin ciki ne, amma fa shago ake iya rufewa. A 1977, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta hana injunan caca, caca tana da mazauni sananne: bayan tasha, ko gefen kasuwa, ko gindin wata kuka inda ake shimfiɗa tabarma a raba karta. Yau kuwa tana cikin aljihun maigida, a wayarsa.

A ƙasar Batsari da Safana mun ga yadda abin ya sauya. An katse mana layukan waya a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, daga baya aka maido. Sa'an nan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa babba da yaro aika kuɗi ta waya. Wannan ci gaba ne, ba shakka, amma ta ƙofar da alheri ya shigo, ta nan caca ta biyo. Ga kuma samari da yawa waɗanda fitinar dajin Rugu ta raba da gonakinsu, suna zaune a gari ba aikin yi. Wanda ya rasa gona da shanu, in aka ce masa Naira ɗari za ta iya zama dubu goma kafin magariba, da wuya ya toshe kunne.

Wata baiwar Allah da na sani, uwar ɗaya daga cikin ɗalibaina, ta ba ni labarin yadda nata ya faru. Maigidanta ya fara da Naira ɗari ɗari a cacar ƙwallo. Ran nan ya ci dubu tara, ya shigo gida da tsire da atamfa, ita ma ta yi murna ba ta tambayi inda kuɗin suka fito ba. Kafin kaka ta zagayo buhunan gero sun fara raguwa a rumbu, daga baya tunkiyarta da take kiwo don auren 'yarta ta tafi kasuwa ba da saninta ba. Ta ce mini, "Malama, wallahi ranar da ya ci ɗin nan, ita ce ranar da aka cinye mu."

Ta faɗi gaskiya, kuma masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da maganarta. Hawa uku ne ɗan caca ke takawa.

Na farko shi ne cin farko. Wasu masana biyu na Amurka, Richard Thaler da Eric Johnson, sun nuna a 1990 cewa mutumin da ya ci kuɗi ba ya ɗaukarsu kamar na guminsa. Gani yake kamar tsintuwa ce, saboda haka ba ya jin ciwon jefa su. Bugu da ƙari, sai ya ɗauka iyawarsa ce ta ba shi, ba sa'a ba. Daga nan Naira ɗari ta zama abin raini, sai dubu.

Na biyu shi ne neman fansa, kuma shi ne mafi muni. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum, daga baya suka kimanta shi da kusan ninki biyu. Sun kuma nuna cewa wanda ke cikin asara ya fi kowa son kasada. To, ɗan caca da aka cinye ba riba yake nema ba kuma, so yake ya koma inda yake jiya. Sai ya ce bari ya ninka zubi, in ya ci sau ɗaya ya fanshe duka. Mu yi lissafin nan tare kamar a aji. In ya fara da Naira 100, aka cinye, ya zuba 200, sa'an nan 400, sa'an nan 800, yana ninkawa, a zubi na goma zai sa Naira 51,200. Jimlar abin da ya fitar ta zama Naira 102,300. In ma ya ci a wannan karon aka ninka masa, ribarsa duka Naira 100 ce. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Na uku shi ne sabo. Kamar yadda mai shan taba ke fara da kara ɗaya ya kai ga kwali, haka zuciyar ɗan caca ke daina motsi da ƙaramin zubi. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da haka. Cikin alamomin da likitocin suka lissafa akwai ƙara yawan zubi don a ji abin da ake ji a da, da komawa neman fansa, da yi wa iyali ƙarya.

Akwai wani abu da ya kamata mazanmu su ji. A Amurka da Turai akwai wata karta mai suna poka wadda wasu suka mai da sana'a, har gasar duniya ake yi a birnin Las Begas tun 1970. Teburansu hawa hawa ne, kowane da yawan zubinsa. Ƙwararrunsu kan gargaɗi juna cewa kada mutum ya hau tebur na gaba sai yana da ajiyar da ta ninka abin da zai zuba sau ashirin ko talatin, kuma in ya ga asara ya sauko ba tare da jin kunya ba. Sun ce mai wasa da kuɗin da yake tsoron rasawa ba ya iya tunani daidai. Ba don in yaba musu na kawo wannan ba. Nufina shi ne, in waɗanda suka ƙware a ɓarnar suna tsoron ƙara zubi haka, ina ga wanda ajiyarsa duka ita ce rumbun da iyali za su ci har damina? Balle cacar ƙwallo, wadda kamfani ya riga ya cire rabonsa a cikin lissafi tun kafin a busa usur.

Kada kuma mu ɗora wa maza laifi mu wanke kanmu. Sa'ad da MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, da sa'ad da CBEX ta rushe a Afrilu 2025, har da mata cikin masu kuka. Hanyar ɗaya ce: ki sa kaɗan a biya ki, ki ƙara a biya ki, sai ki kwashi kuɗin adashi ko ki sayar da ɗankunne ki zuba gaba ɗaya. Wannan biyan farko shi ne tsabar da ake watsa wa kaza.

To, me za mu yi? Da farko, in kuɗi suka shigo gida ba ki san sana'ar da ta kawo su ba, ki tambaya cikin ladabi kafin ki ɗaura atamfar. Na biyu, ki lura da alamu: yawan duban waya da dare, fushi bayan an tashi wasan ƙwallo, rancen da ba a san dalilinsa ba, sayar da hatsi tun kaka kafin ya yi daraja. Na uku, dukiyarki taki ce a Shari'a. Dabbobinki da kuɗin sana'arki da lambar sirrin asusunki, ki riƙe su da kyau, kuma kada ki biya masa bashin caca, domin wanda aka fanshe yau gobe zai koma da ƙarfinsa. Na huɗu, kada ki yi masa gori a gaban yara, domin kunya ita ke ƙara tura shi neman fansa. Ki sami lokacin da hankalinsa ke kwance ki nuna masa cewa abin da ya tafi ya tafi, kuma kin yafe, muddin zai tsaya a nan. In abin ya fi ƙarfinki, ki kai ga iyayensa ko limamin unguwa tun rumbu bai zama wayam ba.

Iyaye mata kuma, mu sa ido a kan 'ya'yanmu maza tun suna zuba Naira hamsin, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukuma za ta iya rufe shago, amma ranar da zubi ya tashi daga ɗari zuwa dubu, matar gida ce kaɗai ke kusa da za ta gani. Allah ya tsare mana mazanmu da zuriyarmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.