Lilo da Inuwa: Wa Ake Tambaya In Za a Faɗaɗa Wurin Wasa?

'Yan'uwa ɗalibai, mun san za a sami waɗanda za su ga kan wannan maƙala su ja tsaki, su ce ana fama da tsadar abinci da kuɗin rajista, ga wasu can sun ɓuge da zancen lilo. To, a yi mana haƙuri a karanta. A fuska zancen lilo ne, amma a ƙarƙashinsa zancen fili ne da wanda ake tambaya kafin a taɓa shi, kuma mu da muka fito daga Gagarawa Tasha da kewayenta mun daɗe da sanin ɗacin wannan zance.

Bari mu ɗauko shi daga nesa, sa'an nan mu gangaro gida. A watan Agusta na 2024 kamfanin Disney ya ba da sanarwar zai faɗaɗa dandalinsa na wasanni mai suna Magic Kingdom, wanda ke jihar Fulorida ta Amurka. An buɗe dandalin nan ran 1 ga Oktoba 1971, kuma a da a cikinsa akwai wani kogi na haƙa wanda jirgin ruwa mai aiki da tururi ke zagayawa. A tsakiyar kogin ga wani tsibiri mai itatuwa da gadoji da ramukan ɓuya, ana ce da shi Tsibirin Tom Sawyer. Babu abin hawa mai inji a tsibirin nan. Sai dai a ƙetarar da yaro, a sake shi, ya yi ta guje-guje yana ƙirƙiro wasansa da kansa, iyaye kuwa su sami inuwa su miƙe ƙafa. Kamfanin ya ce zai cike kogin, ya share tsibirin, ya kafa wasannin motoci bisa labarin fim ɗinsa na Cars, kuma a watan Yuli na 2025 aka rufe wurin.

Nan fa masu sha'awar dandalin suka rabu gida biyu. Wasu suka ce fili ne babba yana zaune a banza, masu ƙetarawa tsibirin ba su taka kara sun karya ba, gara a sa abin da yaran zamani ke so. Wasu kuwa suka ce ai ruwan nan da itatuwan nan su ne numfashin dandalin, su ne wuri ɗaya da mutum zai shiga ba tare da ya tsaya layi ba, in aka cike su an mai da wurin hutu ya zama tasha. Abin mamaki shi ne, wanda ya kafa kamfanin, Walt Disney, ƙuncin fili ne ya kai shi Fulorida tun farko. Dandalinsa na farko da ya buɗe a Kalifoniya a 1955 eka 160 ne, nan da nan masu otal-otal suka kewaye shi suka shaƙe shi, saboda haka a karo na biyu ya sayi wajen eka 27,000. Duk da wannan yalwa, da aka tashi faɗaɗawa, inuwar da ke tsakiyar dandali aka fara ci, don kuwa taku ɗaya a inda jama'a ke cincirindo ya fi eka goma a bayan katanga kawo kuɗi.

Ba mu da kogin haƙa a ƙasar Gumel, amma muna da inda yaranmu ke ɗokin zuwa. Duk wanda ya tashi a Gagarawa ko Sule Tankarkar ko Maigatari ya san yaron da aka kai Gidan Zu na Kano ran Salla ya sami labarin da zai ba abokansa har damina ta faɗi. Gwamna Audu Bako ne ya kafa gidan a farkon shekarun 1970, a kan fili fiye da hekta arba'in, lokacin wurin yana gefen gari. Yau gari ya zagaye shi ta ko'ina, har titin da ya bi ta ƙofarsa ya zama ɗaya daga cikin titunan da suka fi hada-hada a Kano. A 2020 gwamnatin jihar ta wancan lokaci ta yi shelar za a mai da gidan Tiga, bisa hujjar cewa hayaniyar gari na takura dabbobi. Hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Amma tambayar da jama'a suka yi ta yi ita ce: in dabbobi sun tashi, me za a yi da filin da itatuwansa? Tambaya ce ta wanda maciji ya taɓa sara, don kuwa mutanen Kano sun ga yadda aka jera kantuna a Filin Idi kafin a rushe su a 2023. Gidan dai bai tashi ba. Da ya tashi, da yaron Gumel da ya riga ya yi tafiyar fiye da kilomita ɗari kafin ya iso Kano sai ya ƙara wata doguwar tafiyar kudu, kuma ba mu ji an tambayi ubansa ba.

Mu tsaya a nan mu duba abin da mutane ke yi in sun shiga irin wannan wuri ran Salla, don a nan ne masu zane a ofis ke ɓata lissafi. Zaki minti biyar ake kallonsa. Lilo minti biyar ake hawansa. Sauran yinin fa? Ana shimfiɗa tabarma a gindin itace, a buɗe kwanon abincin Salla, 'yan mata su nuna ɗinki, samari su yi ta kai da kawowa kamar ba su suke kallo ba, ƙanana su yi ta tsere a tsakanin itatuwa. Watau abin da aka biya kuɗin ƙofa dominsa rubu'in sa'a ne, abin da ya riƙe mutum har la'asar kuwa shi ne filin da takardar zane ke nunawa fari fat, wanda mai lissafi ke kira asara.

Mu yi ɗan lissafin namu, na misali kawai. A ce lilo mai juyawa yana ɗaukar yara 12, kowane zagaye da hawa da sauka minti 5. A sa'a ɗaya yara 144 ke nan. In yara 1,000 suka zo, sai an yi kusan sa'a 7 kafin kowa ya hau sau ɗaya. To ina sauran 988 suke yayin da 12 ke sama? In akwai inuwa suna wasa. In an sare itatuwa an kafa lilo na biyu, suna tsaye a rana, sai dai layi ya zama biyu. Kada kuma a manta da irin ranar da muke magana a kanta: Ƙaramar Salla ta 2024 a watan Afrilu ta faɗo, ta 2025 a ƙarshen Maris, lokacin da zafi a ƙasarmu kan haura digiri 40, ƙarfen zamiya kuwa ya yi zafin da zai toya ƙwai.

Wannan ya kawo mu ga ƙirar abin hawan kansa. Yawancin abin da ake shigowa da shi an ƙera shi ne don yaron wata ƙasa, mai gajeren wando, a garin da wuta ba ta ɗaukewa. Yarinyarmu da doguwar riga da hijabi take zuwa, kuma duk uwar da ta taɓa ganin gyale ya naɗe a tayar babur ta san abin da sarƙa buɗaɗɗiya za ta iya yi. Da an tambayi iyaye mata da sun ce a rufe sarƙa da giya, a yi wurin zama mai faɗi da matakala gajera. Da an tambayi masu walda na Gumel da sun ce a zaɓi abin da in ya karye za su iya gyara shi a nan, maimakon wanda ƙusa ɗaya za ta sa ya kwana shekara yana jiran kaya daga Legas. Lilon nan na katako da ƙarfe da samari ke juyawa da hannu a garuruwa ran Salla, wanda 'yan boko ke rainawa, ba ya jiran janareta ba ya jiran man fetur. Abin da yake buƙata shi ne mai duba walda kafin a hau, da shinge don kada ƙaramin yaro ya shiga ƙarƙashinsa.

Ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba. Inuwa ba ta sayar da tikiti, kuma wanda ya zuba jarinsa dole ya nemi riba. Yaran kansu in aka ce su zaɓa tsakanin gindin maina da motar lantarki, motar za su ruga. Kuma cikin masu kuka da rufe tsibirin Fulorida lalle akwai waɗanda yarintarsu suke wa kuka, sun yi shekara goma ba su leƙa wurin ba. Duk mun yarda. Sai dai inji ana sauya shi in ya tsufa, a kawo sabo a mota a kwana ɗaya, amma tsamiyar da ta ba mutum talatin inuwa sai an jira ta shekaru masu yawa. Kuskure biyu ne da ba su zo ɗaya ba wajen gyaruwa, saboda haka wanda ke son sarewa shi ya kamata ya kawo hujja a gaban jama'a.

Mu 'yan Gagarawa mun ji an kira ƙasa fili kawai, a wajajen 2016 da 2017, lokacin da aka yi ta taƙaddama kan hekta 12,000 da aka ware don noman rake a yankinmu da ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka, manoma suna cewa abin da takarda ta nuna fari gonakin kakanninsu ne. Wurin wasa bai kai gona ba, ko kusa. Amma idon da ke kallon taswira iri ɗaya ne. Shi ne ya ci dandalin da ake gaɗa da langa a unguwanni da yawa: yau a yanka fuloti a gefe, gobe a kafa shago, jibi yara su koma wasa a bakin kwalta. Mu da muka yi tsere a filin tasha muna jiran jirgin Nguru, ba wanda ya karɓi ko kwabo a hannunmu.

Jihar Jigawa tun 1991 take, garuruwanta suna ta girma, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani shugaban ƙaramar hukuma ko wani attajiri zai zo da zanen wurin wasa a Gumel ko Maigatari. Cikinmu akwai masu karatun tsara birane da zanen gini da injiniya, kuma teburinsu zanen zai bi. Abin da muke roƙonsu kaɗan ne. Kafin a zana, a je wurin ran Salla da takarda da biro, a ƙirga masu hawa a ƙirga masu zama, a tambayi uwar da ta zo da yara huɗu da kuɗin hawa biyu. A rubuta a cikin yarjejeniyar filin yawan abin da ba za a taɓa ginawa a kansa ba, komai faɗaɗawar da za a yi nan gaba. A haƙa rijiya, a gina makewayi na maza da na mata. Itace kuwa a dasa shi tun kafin a yi odar inji, kuma in an sami gawo a filin a bar shi a inda yake, don shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da Salla ke zuwa mana a 'yan shekarun nan.