Ba Kowane Ƙwannafi Ne Gyambon Ciki Ba

A Sabon Ibadan da Agege da sauran zangunan 'yan Arewa a Kudu, da wuya a sami ɗan dako ko direba wanda bai taɓa kukan "olsa" ba. Da ya ji ƙirjinsa na zafi sai ya nufi asibitin sha-ka-tafi, a damƙa masa omeprazole ba tare da wata tambaya ba. Wata ya wuce, shekara ta zagayo, yana nan yana sha.

Maganin nan ba abin rainawa ba ne, gama yana rage tsamin da ciki ke fitarwa har gyambo ya sami damar warkewa. Amma ƙa'idarsa ga yawancin marasa lafiya mako 4 zuwa 8 ce, a sha kafin karin kumallo. Wanda ya daɗe a kansa ba bisa dalili ba yana iya gamuwa da ƙarancin bitamin B12, da raunin ƙashi, da gudawa mai tsanani.

Abin lura shi ne gyambo yana da tushe. A 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda ke haddasa yawancinsa. Aka ba su lambar Nobel a 2005. Idan gwaji ya nuna ta, ana kashe ta cikin kamar mako 2 da magungunan ƙwayoyin cuta haɗe da mai rage tsami. Tushe na biyu kuwa shi ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi ke haɗiya kowane dare don gajiya.

Saboda haka wajibi ne malaman asibiti su tambayi maras lafiya abin da yake sha kafin su rubuta kome. Mai aman jini, ko baƙin bayan gida, ko rama, ko wahalar haɗiya, a tura shi babban asibiti nan take, kada magani ya rufe cutar daji ta ciki. Wanda likita ya tabbatar yana bukatar maganin na dogon lokaci, a riƙa duba shi a kai a kai. Sauran kuwa a rubuta musu ranar dainawa a jikin kati tun ranar farko, domin tun ran gini ran zane.

Sarakunan Hausawa da limaman zango su ma lalle su taya da faɗakarwa. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya.