Wa ya ce jarumi ne ke yin fim?

'Yan uwa marubuta, na gaji da jin maganar nan cewa fuskar jarumi ce ke ɗaukar fim, marubuci kuwa ɗan rakiya ne. Abin takaici, daga bakinmu ake jin ta.

Ku nemi Seven Samurai, fim ɗin Japan na 1954. Manoma ne 'yan fashi suka addaba, suka ɗauko mayaƙa bakwai, ladansu shinkafa kawai. Toshiro Mifune ya fito a Kikuchiyo, Takashi Shimura kuma a Kambei, shugaban tawagar.

Mifune fa ba wasa ya je nema a kamfanin Toho ba, aikin kyamara ya so. Ya yi fim 16 da darakta Akira Kurosawa, daga 1948 zuwa 1965, Shimura ya yi 21. Hazaƙarsu ba abin musu ba ce. Amma kafin a kunna kyamara, Kurosawa da Shinobu Hashimoto da Hideo Oguni sun kulle kansu a masauki makonni suna rubutu. Kurosawa har littafi ya buɗe yana rubuta halin mayaƙan, da tafiyarsu, da yadda suke ɗaura takalmi.

Dubi abin da suka miƙa wa Mifune: mashayi, mai surutu, maƙaryaci, ɗan manomi da ke yawo da takardar asali ta wasu, wadda in an bi lissafinta shekararsa 13! Shi ne kuma ya tsaya gaban mayaƙan ya gaya musu cewa zaluncin irinsu ne ya koya wa manoma ƙarya da ɓoye abinci. A ƙarshe ya mutu cikin taɓo. Kambei kuwa, farkon ganinmu da shi yana aske kansa ne, ya yi shigar malamin addinin Buddha don ya ceto yaron da ɓarawo ya riƙe. Babu wanda ya tsaya yi mana bayanin cewa mutumin kirki ne.

To mu fa? Fari, dogo, ɗan mai kuɗi, miskili, ya sauko daga mota ƙamshi na tashi. Shafi ɗari uku, bai taɓa jin kunya ba, bai taɓa yin abin da zai dame shi ba. Ko Mifune aka taso daga kabari aka ba shi wannan, me zai yi da shi?

Wani zai ce masu karatunmu soyayya suke so. Sholay na 1975, wanda iyayenmu suka haddace, a kan ƙashin wannan labarin manoman aka gina shi, kuma har yau ba a manta da Gabbar Singh ba.