Bayani A Kan Zaɓen Fid Da Gwani, Da Yadda Ake Gane Wanda Zai Ɗauki Tuta

 Ku sani duk sa'ad da jam'iyyu suka tashi fid da wanda zai nemi shugabancin Nijeriya, sai ka ji zaurukanmu sun cika da gardama, wannan ya ce wane ne zai ci domin ya fi jama'a, wancan ya ce a'a, wane ne domin ya fi kirki. Ni kuwa ina ganin dukansu biyu sun ɗauki mudun da ba da shi ake awo a kasuwan nan ba. Don haka na yi nufin in bayyana ma'aunin, in kuma kafa hujja da abin da ya faru ga ɗan ƙasarmu, domin gani ya kori ji.

Babu wanda zai tambaye mu ko wane ne Alhaji Ahmad Muhammad Maƙarfi. Ya yi gwamnan Kaduna shekara takwas, daga 1999 zuwa 2007, a zamanin da jihar ta ga fitina mai tsanani, ya kuwa ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudancin jihar domin a sami zama lafiya. Sa'an nan ya yi sanata na Kaduna ta Arewa a tsakanin 2007 da 2015, har Sulaiman Hunƙuyi, shi ma ɗan ƙasan nan, ya karɓi kujerar. Da jam'iyyar PDP ta rabu biyu a 2016, shi aka ba riƙonta, ya yi ta shari'a da Ali Modu Sheriff har Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a watan Yuli 2017, kana ya miƙa ta ga sababbin shugabanni a ƙarshen shekarar. Mutumin da ya tsamo jam'iyya daga rijiya, ai kowa zai ce in ya nemi tutarta ba za a hana shi ba.

To, ga abin da ya faru a Fatakwal ran 6 da 7 ga Oktoba 2018. Mutum goma sha biyu suka tsaya, dukansu 'yan Arewa, wakilai kuwa sun haura 3,000. Atiku Abubakar ya sami 1,532. Aminu Waziri Tambuwal ya sami 693, Bukola Saraki 317, Rabi'u Musa Kwankwaso 158, Ibrahim Hassan Ɗankwambo 111, Sule Lamiɗo 96. Namu ya zo na bakwai da ƙuri'a 74. Wani ɗan Zazzau kuma, Datti Baba-Ahmed, ya tashi da 5. Kada mai karatu ya ɗauka 74 ɗin nan ita ce ƙimar mutumin, ko kuwa yawan masu ƙaunarsa. Ai a kasuwar Maƙarfi kaɗai, a rumfar masu rake, za a sami masu son sa fiye da haka. Abin da lissafin ya nuna shi ne yawan wakilan da ya iya riƙewa a daren, wannan kuwa wani ilmi ne dabam, yana da ma'auni biyar.

Na fari, a tambaya su wane ne masu jefa ƙuri'ar, kuma su nawa ne. Kamar yadda ba dukan talakawa ke zaɓen sarki ba, sai 'yan majalisa ƙididdigaggu, haka nan zaɓen wakilai yake. A 2018 wakilan sun haɗa da waɗanda aka zaɓa da waɗanda muƙaminsu ya ba su kujera, watau gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya. Da dokar zaɓe ta 2022 ta fito, sai ya zama zaɓaɓɓun wakilai kaɗai suka jefa ƙuri'a a shekaran nan. PDP ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC ta ɗauki uku uku. Ku lissafa da kanku. Ikara da Maƙarfi da Kudan, da dukan garuruwansu da ƙauyukansu da rugagensu, bakinsu a taron PDP na Abuja ran 28 ga Mayu 2022 mutum uku ne. Waɗanda suka jefa ƙuri'a a ranar duka ba su kai 800 ba, Atiku ya ci da 371, Nyesom Wike ya bi shi da 237. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, ga adadin da ya yanke mata ɗaya daga manyan 'yan takaranta.

Na biyu, a duba wa ke riƙe da akalar wakilan. Galibi gwamna ne, domin shi ke ciyar da jam'iyya a jiharsa, kuma da saninsa ake rubuta sunayen masu tafiya. A 2018 Kaduna tana hannun APC, ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i, don haka ɗan Maƙarfi ya tafi Fatakwal ba gwamna a bayansa daga gida. Tambuwal kuwa gwamna ne mai ci a Sakkwato, ga shi kuma mai masaukin baƙi, Wike, yana tare da shi, shi ya sa ya zo na biyu. Wannan ba sabon abu ba ne. A Disamba 2006, da Shugaba Obasanjo ya karkata ga Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina, sai gwamnonin PDP masu neman kujerar suka janye, har da namu, 'Yar'aduwa ya ci da ƙuri'a fiye da 3,000. Wanda duk ya ga inda gwamnoni suka fuskanta, ya ga rabin sakamako tun ba a kafa akwati ba.

Na uku, dukiya. Takardar neman tsayawa kaɗai, a 2022, PDP ta sayar da ita naira miliyan 40, APC kuwa miliyan 100. Wannan kuɗin ƙofa ne, ba a zo ga jirgin da zai zaga jihohi 36 ba, balle masaukin wakilai da abin da ake kira kuɗin mota. Jaridu sun yi ta ba da labarin dalar Amurka tana yawo a wuraren tarukan nan, har ma'aikatan hukumar EFCC suka je filin taro a 2022 suna sa ido. A jiharmu ma an ga wanda ya nemi takarar majalisa ya fāɗi, ya koma yana bin wakilai su mayar masa da abin da ya ba su. Ban ɗora wa wani mutum laifi da sunansa ba, domin hukunci sai da shaida. Amma wanda ya auna ɗan takara bai auna aljihunsa da aljihun masu goya masa baya ba, lalle ya bar babban dutse a wajen sikeli.

Na huɗu, a lura da wanda zai janye, da wanda za a janye wa. Ku tara ƙuri'un mutum goma sha ɗaya da suka fāɗi a Fatakwal, za ku sami 1,621, watau sun fi na wanda ya ci. Bakwai daga cikinsu 'yan Arewa maso Yamma ne, nasu ya kama 1,139, kowa ya ja nasa, aka yi taron tsintsiya ba shara. Tambuwal ya riƙe karatun nan, domin a 2022 ya hau mumbari a gaban wakilai ya ce ya janye wa Atiku, nan take zaɓen ya juya. Haka kuma a taron APC na watan Yuni 2022, mutane da dama suka janye wa Bola Ahmed Tinubu a cikin daren, har da Badaru Abubakar gwamnan Jigawa na lokacin, Tinubu ya sami 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo, wanda ke mataimakin shugaban ƙasa a sa'an nan, 235. Yawan 'yan takara daga yanki ɗaya rauni ne gare su, ko da masu kiɗa suna cewa alamar arziki ce.

Na biyar, a san yankin da aka yi niyyar ba tuta. A 2018 PDP ta keɓe wa Arewa, shi ya sa babu ɗan Kudu ko ɗaya a cikin sha biyun. A 2022 gwamnonin APC na Arewa suka fito suka ce mulki ya koma Kudu bayan shekara takwas na Muhammadu Buhari, da wannan magana ƙofar 'yan takarar Arewa ta rufe a jam'iyyar, Ahmad Lawan ya tashi da 152. Mutum ko ya kai kowa cancanta, kadan ba layinsa ake yi ba, sai ya jira.

In wani ya ce, to ina amfanin farin jini ke nan? Sai in ce yana da amfani, amma a wata kasuwa. Kwankwaso da ya sami 158 a hannun wakilai a 2018, shi ne ya sami kusan ƙuri'a miliyan ɗaya a Kano kaɗai a zaɓen 2023, ƙarƙashin NNPP. Peter Obi ya bar PDP kwanaki kaɗan kafin taronta na 2022, ya je ya samo fiye da miliyan 6 a wata jam'iyya. Atiku kuwa da ya ci zaɓen wakilai sau biyu a jere, ya fāɗi babban zaɓe a 2019 da 2023. Wani lokaci ma'aunan biyu sukan dace, kamar a Legas a Disamba 2014, inda Buhari ya sami 3,430 domin wakilai sun san shi ne jama'a za su bi. Amma dacewan nan ba kullum ba ne, kuma jam'iyyar da ta saurari wakilanta ta toshe kunne ga talakawa, takan ci tuta ta rasa kujera.

In wani kuma ya ce, ai magani shi ne a bar wakilai a koma 'yar tinƙe, kowane ɗan jam'iyya ya tsaya bayan gwaninsa, ko kuwa a yi maslaha, sai in ce 'yar tinƙe ta fi kusa da adalci, ina kuwa goyon bayanta, domin sayen mutum dubu ɗari ya fi sayen mutum uku wuya. Amma tana da sharaɗi, watau littafin sunayen 'yan jam'iyya ya zama na gaskiya, mai ƙirgawa kuma ya zama amintacce. In ba haka ba, wanda ke riƙe da littafin da alƙalamin shi ne wakili ɗaya tilo. Maslaha kuwa, in an yi ta da yardar kowa alheri ce, in an yi ta da tilas sunanta naɗi. Ko wace hanya aka bi, tambayar fari tana nan, wa ke ƙirga, kuma wa ya sa shi.

Saura abin da ya shafe mu. Ya ku malamai, 'yan takara za su zo zaurukanku neman addu'a, wannan ba laifi. Ku roƙa wa ƙasa shugaba nagari, amma kada ku ce wa mutum an nuna muku shi ne zai ci, domin gobe lissafi zai fito, almajiranku kuma suna ji. Ku tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, malamin da ya karɓi buhu ya yi bushara, bakinsa ya ɗauru ran da za a bukaci ya faɗi gaskiya. In ɗan takara ya zauna gabanku, ku tambaye shi abin da zai yi wa manomin tumatir na Ikara da kayansa ke ruɓewa a kwando, da mai rake na Maƙarfi, da mai lambu na Kudan da Hunƙuyi, da batun taki da tsaron hanya. Amsarsa ku riƙe ta, ku karanta masa ita in ya dawo.

Ku kuma almajirai da samari, kada ku zama kayan cika fili, a ɗebe ku a mota a ba ku hula a mayar da ku da yunwa. Wanda ya isa zaɓe ya yanki katinsa. Wanda ke da jam'iyya ya tabbata sunansa na cikin littafinta, ya halarci taron mazaɓarsa, domin a nan ake zaɓen shugabannin da za su riƙe littafi da waɗanda za su tafi da sunan gari, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka aika da sunanku, ku san shi tun kafin ya tafi, in ya komo ku tambaye shi wa ya zaɓa, kuma don me. Aikakke amana ya ɗauka, mai amana kuwa ana tambayarsa.

Iyakar abin da na yi nufin faɗi ke nan. Wanda ya ji ana gardamar wa zai ɗauki tuta, ya jera tambayoyin nan biyar kafin ya sa baki, wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba ƙasarmu shugabanni masu tausayin talakawa, ya zaunar da mu lafiya. Haza wassalam.