Zancen ƙasa a baki, fasfon Dominika a aljihu

Tun ranar 16 ga Disamba 2025 da Donald Trump ya sa hannu a takardar da ta rufe wa ƴan Nijar, Mali da Burkina Faso ƙofar Amurka ruf, wata sabuwar hikima ta ɓulla a Yamai. Daga falon manya na Filato da Kwara Kano ta fito, ta ratsa wuraren suna da ɗaurin aure, har ta gangaro fadar matasa inda ake raba shayi, waɗanda kuɗin kabu-kabu ma sai sun yi lissafi. Wai mai hankali a wannan zamani shi ne wanda ya tanadi fasfo na biyu. Wai ba gudun ƙasa ba ne, hangen nesa ne. Hujjarsu ita ce takardar ta bar kafa: mai ƙasa biyu yana iya shiga da fasfon ƙasar da ba ta cikin jerin. Saboda haka a sayi wata ƙasa a ajiye. Madalla da wannan hankali.

Da masu yaɗa shi sun daure sun karanta takardar zuwa ƙarshe, da sun ga sunan Dominika da na Antigua da Barbuda a cikinta. Waɗannan tsibiran na Karibiyan suna cikin shagunan da dillalan fasfo suka fi tallatawa, kuma dalilin da Amurka ta bayar na taƙaita musu shiga shi ne sayar da zama ɗan ƙasa ga mutanen da ba su zauna can ba. An dakatar musu da bizar kasuwanci, da ta ziyara, da ta karatu, wato daidai abin da alhajinmu ya biya kuɗi domin ya samu. Ya zuba dalar Amurka dubu 200, mafi ƙarancin farashin da tsibiran suka tsayar a 2024, sama da sefa miliyan 100 ke nan, ya bar layin waɗanda aka hana duka ya koma layin waɗanda aka hana rabi. An gudu ba a tsira ba.

Ba kuma yau aka fara ba. Ingila ta ɗora wa masu fasfon Dominika biza tun Yuli 2023. Banuwatu, wata ƙasar tsibirai da ta mayar da fasfo hajar kasuwa, Tarayyar Turai ta dakatar mata da shiga ba biza a 2022, ta soke gaba ɗaya a ƙarshen 2024. Saifurus ta rufe shagonta a Nuwamba 2020 bayan Aljazira ta ɗauki shugaban majalisar dokokin ƙasar a ɓoye yana nuna zai taimaka wa wani mai laifi na bogi ya samu fasfo. Shugaban majalisar ya yi murabus, kwamitin bincike kuma ya gano cewa fiye da rabin fasfo 6,779 da aka bayar ba bisa doka aka ba da su ba. Sifen ta daina ba da izinin zama ga mai sayen gidan yuro dubu 500 a Afrilu 2025. A ƙarshen wannan Afrilun dai kotun Tarayyar Turai ta yanke wa Malta hukunci cewa zama ɗan ƙasa ba abin ciniki ba ne, alhali a lokacin Malta tana karɓar yuro dubu 600 zuwa sama, kusan sefa miliyan 400, ban da gida. A Komoros, nan Afirka, tsohon shugaban ƙasa Ahmed Abdallah Sambi ɗaurin rai da rai aka yanke masa a 2022 a kan badaƙalar sayar da fasfo. Wannan ita ce hajar da ake ce mana tanadi ce. Darajarta tana hannun wata ƙasa ta uku da ba ta cikin cinikin, ranar da ta ga dama ta soke, kuma dillalin da ya ci ladarsa a Dubai ba zai mayar da ko dala ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma ko da hajar tana da kyau, ni ba nan ƙorafina yake ba. Ƙorafina shi ne bakin da ke yabon wannan ciniki shi ne bakin da ya shekara goma yana zagin talaka a kan tafiya. Ku tuna Oktoba 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Me aka ce a Yamai? An ce sun kunyata ƙasa, an ce kwaɗayi ne, an ce mabarata ne. Ba a cika shekara biyu ba, a Mayu 2015, majalisa ta kafa dokar nan mai lamba 2015-36 ta hana safarar ƴan ci-rani, wadda Turai ta yi ta tafa mata. Direban Agadas da ya gaji hanyar Dirku daga ubansa ya wayi gari ɗan fasa-ƙwaurin mutane. Aka kama motoci aka jibge su rana tana cinye tayoyinsu, aka ɗaure magidanta, matafiya suka koma bin hanyoyin da babu rijiya don gudun jami'an tsaro. Masu kwat da manyan riguna suka yi ta taron ƙara wa juna sani a otal-otal na bakin kogi, suna karɓar kuɗin zama, suna koya wa matasa cewa arziki yana gida. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma ban ji wanda ya je Agadas ya ba kowa haƙuri ba. Har yanzu Aljeriya tana zubar da mutane a kan iyaka su taka kilomita 15 zuwa Asamaka, sama da mutum dubu 30 a 2024 kaɗai. Su sunansu ƴan ci-rani marasa takarda. Wanda ya tura miliyan 100 ta banki zuwa tsibirin da bai iya nunawa a taswira ba, shi sunansa mai zuba jari.

Jarin me? A yawancin tsare-tsaren nan kuɗin kyauta ce ga baitulmalin ƙasar, ba ya dawowa. A Turkiyya gida ake saya na dala dubu 400 a riƙe shekara uku, sai ka ga bene a Istambul a kulle, mai shi yana Yamai yana kukan babu masana'antu a Nijar. Trump kansa, a watan da ya rufe mana ƙofa, a watan ya buɗe sayar da katinsa na zinariya, izinin zama a kan dala miliyan ɗaya. Aƙalla shi bai ɓoye ba: talakanku ba ma so, kuɗinku muna so. Abin da ban gane ba shi ne ɗan Nijar da zai ji wannan ya ce an karrama shi.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Mai gadin gidan alhaji, in ma ana ba shi hakan, sai ya yi sama da shekara 200 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin fasfon Dominika guda. Kuɗin neman bizar Turai kawai, yuro 90, ya fi albashinsa, kuma in an hana ba a mayarwa.

Za a ce kuɗinsa ne, guminsa ne, ina ruwanka. To. Wasu guminsu ne, ban musa ba. Sai dai garin nan ƙarami ne, mun san juna. Mun san wanda ya gaji fatauci, mun kuma san wanda bai taɓa sayar da ko allura ba sai kwangilar gwamnati. Binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya yi zancen biliyan 76 na sefa a cinikin makamai, a daidai lokacin da ake binne sojojinmu na Inates da Cinagodar. Ban ce kowane mai fasfo biyu da hannunsa a ciki ba. Na ce duk ƙasar da irin wannan ke faruwa a cikinta tana da haƙƙin tambayar inda miliyan 100 ta fito kafin ta tsallaka teku.

Za a ce kuma ɗan kasuwa yana buƙatar tafiya, ofishin jakadancin Faransa a rufe yake tun Janairu 2024, biza ta zama wuya. Alhazan Maradi da suka gina dukiyar da ake labari, da wane fasfon Malta suka gina ta? Kakanninmu da suka kai Salaga da Kumasi fataucin goro, da waɗanda suka zauna Sudan a hanyar Makka, sun zama ƴan can ne da zama: suka kafa zango, suka gina masallaci, suka yi aure, aka binne su can. Ɗan Nijar da ya yi shekara 20 yana aiki a Abijan ko Liyon ya karɓi takardar ƙasar, ba da shi nake ba, dokarmu ma ta yarda da ƙasa biyu tun 2014. Ina magana ne a kan wanda ko sunan babban birnin sabuwar ƙasarsa sai ya duba waya.

Akwai masu raɗa cewa tun da gwamnati ta fara cire wa mutane zama ɗan ƙasa a Oktoba 2024, har da tsofaffin ministoci, dole kowa ya nemi mafaka. Wannan magana ce ta wata rana, kuma masu sayen da nake nufi ba ƴan adawa ba ne. Da yawansu a sahun gaba suke a kowane gangami, kowace gwamnati ta zo. Jiya sun yi rawa da ruwan hoda na jam'iyyar da ke mulki a lokacin, yau suna ɗaga tuta suna "zancen ƙasa ne", suna yabon fasfon ƙawancen ƙasashen Sahel (AES) da aka ƙaddamar a Janairu 2025, ɗayan kuma yana cikin akwati ƙarƙashin shadda.

Ɓarnar da ta fi kuɗin ita ce wannan: mutumin da ke da ƙofar fita ba ya gyara ɗaki. Wanda muryarsa ke isa fadar shugaban ƙasa, in ya san ɗansa ba zai zauna ajin zana ba, matarsa ba za ta haihu a asibitin da babu jini ba, shi kuma in ta ɓaci jirgi zai hau, to ba zai taɓa ɓata ransa a kan makaranta ko asibiti ko wutar da ke ɗaukewa a tsakiyar zafin Afrilu ba. Waɗanda abin ke ci ba a jin su, waɗanda ake ji sun sayi hanyar tsira.

Ban ce a hana kowa ba, hani a ƙasar nan farashi kawai yake ƙarawa. Abin da nake nema kaɗan ne. Duk wanda za a naɗa minista, ko darakta, ko jakada, da duk wanda zai karɓi kwangilar gwamnati, ya rubuta fasfo nawa yake da su, na wace ƙasa, ta zama ya samu ko ta saye, kuma nawa ya biya. A buga a jaridar gwamnati kowa ya karanta. Hukumar COLDEFF, da aka kafa don bin sawun dukiyar ƙasa, ta fara daga nan.